Me ke riƙe da benen da ke bisa jirgin ruwa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya, Allah shi ƙara basira. Ni mai walda ne a Sabon Gari, nan Maradi, sana'ata ƙera bodin manyan motoci. Kwanan baya na raka wani Alhaji Lome ɗauko kaya, ranar na fara ganin jirgin teku ido da ido. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne benen da ke bisansa, hawa takwas ko tara, wani can baya, wani kusa da tsakiya. Shin aza shi kawai aka yi, kamar yadda muke aza bodi bisa shasi, ko shi ma yana cikin abin da ke riƙe jirgin? Kuma yaya aka yi ba ya tsagewa, ba ya kuma rinjayar jirgin in teku ta tashi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Amin, tare da kai. Abu uku ka tambaya a haɗe: ko benen kaya ne da aka ɗora wa jirgi ko sashe ne na ƙarfinsa, me ke hana shi tsagewa, kuma me ke hana shi kifar da jirgin. Na farkon ne ya fi nama, kuma shi ya fi ba masu zanen jirgi wahala. Muddin an walde benen da gangar jirgi, wato asalin jikinsa da ke shiga ruwa, kuma yana da tsawo daga gaba zuwa baya, duk lanƙwasar da gangar ta yi sai ta ja shi, mai zane ya so ko bai so ba. Zaɓin da ya rage masa shi ne ya gina benen da ƙarfin da zai ɗauki wannan jan, ko ya yi dabarar da jan ba zai isa gare shi ba.

Ginin da ke bisa jirgi iri biyu ne a wurin masu doka. Yarjejeniyar duniya ta 1966 kan iyakar lodin jiragen ruwa ta ware wanda bangonsa ya kai har gefen jirgi, ko bai shige ciki da fiye da kashi 4 cikin 100 na faɗin jirgin ba. Wannan bangonsa ci gaban bangon ganga ne, don haka jan yana hawa cikinsa kai tsaye. Na biyu shi ne wanda ya shige ciki ya bar hanyar wucewa dama da hagu, yana zaune bisa daɓen sama kawai, wato shimfiɗar ƙarfen da ta rufe saman gangar. Yawancin benen da ka gani a kan jiragen kwantena da na mai irin na biyu ne: ɗakunan kwanan ma'aikata, madafa, ɗakin cin abinci, sai ɗakin tuƙi a can ƙoli.

Jirgin kansa ba ya zama a miƙe

Ruwa yana tallafe kowane sashe na jirgi gwargwadon girman gangar da ta nutse a wurin. Nauyi kuwa ba haka ya rabu ba: inji yana baya, kaya suna inda aka loda su, goshin jirgi siriri ne amma yana ɗauke da anga da sarƙarta. Saboda wannan saɓanin, ko a tashar Lome yake ɗaure, jirgi a ɗan lanƙwashe yake. In ya fita teku ya haɗu da igiyar da tsawonta ya yi kusa da nasa, abin ya ninka. Tudun igiyar in ya zo tsakiya, gaba da baya su rataya, jirgin ya yi doro: daɓen sama yana miƙewa, ƙasan jirgi yana matsewa. Bayan 'yan daƙiƙu tudun ya koma gaba da baya, tsakiya ta lotsa, jirgin ya gantsare: sama ta matse, ƙasa ta miƙe. Tsakanin sama da ƙasa akwai wani layi da ba ya miƙewa ba ya matsewa, kuma iyakar nisan ƙarfe daga wannan layin, iyakar wahalar da yake sha.

Ga lissafi da za ka iya riƙewa. In jan da ke kan daɓen ya kai kimanin kilo 15 a kan kowace murabba'in milimita, wanda ba abin mamaki ba ne a babbar teku, ƙarfen da ya kai mita 100 yana ƙara kusan santimita 7. Sannan ya dawo, ya matse, ya sake miƙewa. Hukumomin da ke tantance ginin jirage suna lissafa wa babban jirgi shekara 25 a arewacin tekun Atlantika, kuma a wannan tsakanin igiyar da zai hau ta kai wajen miliyan 100. In lissafi ya gaza, gangar ce da kanta ke karyewa. A watan Yunin 2013 jirgin kwantena MOL Comfort, mai tsawon mita 316, ya rabu biyu a tekun Indiya, yana da shekara biyar kacal da ƙerawa.

To ga bene an walde shi bisa wannan daɓen mai miƙewa da dawowa, kuma shi ya fi kowane ƙarfe nisa da layin nan na tsakiya. Sai dai jan ba ya shigarsa gaba ɗaya. A ƙarshen bangon babu abin da ke jansa, don haka jan yana shiga kaɗan-kaɗan ta layin waldar da ke gindinsa, kuma wurin da waldar ta fi shan wuya shi ne ƙarshen gaba da ƙarshen baya. Gajeren bene yakan ƙare kafin ya ɗauki wani abin kirki. Dogo kuwa tsakiyarsa tana ɗaukar jan sosai, har rufinsa na iya shan abin da ya fi na daɓen. Ma'aunin da aka saba da shi: benen da ke yankin tsakiyar jirgi, in tsawonsa ya haura kimanin kashi 15 cikin 100 na tsawon jirgin, a daina yi masa kallon kaya, a lissafa shi cikin masu ɗaukar nauyi. Akwai kuma wani abu da ke faruwa a ƙarshen: ganga tana lanƙwasa, bene yana son zama yadda yake, saboda haka in jirgi ya yi doro kusurwoyin benen suna fizgar daɓen zuwa sama, in ya gantsare suna danna shi ƙasa.

Misalinka na bodi da shasi ya faɗa daidai nan. Ka san shasin babbar mota yana murɗawa a hanyar da ta lalace, ka kuma san inda yake yawan tsagewa: bayan kan mota, daidai inda ƙarfen bodi ya fara, domin a nan shasi ya tashi daga mai laushi ya zama mai tauri farat ɗaya. Shi ya sa mai ƙira na ƙwarai yake fiƙe bakin ƙarfen, ya sa katako tsakani, ya ɗaure da noti maimakon ya walde. Mu ma fiƙewar muke yi, sai dai ba mu da damar barin bene ba walda, don dole gindinsa ya hana ruwa shiga, ya kuma jure dukan igiya. Abin da ake yi shi ne a sauko da bangon gefe a hankali cikin lanƙwasa har ya narke cikin bangon ganga, a ƙara kaurin fallen daɓe da na saman ganga a wurin, a tabbatar akwai bango ko ƙaƙƙarfan haƙarƙari a ƙarƙashin kowane ƙarshe, a kuma nisantar da ƙofa da taga daga nan. Kowace ƙofa da taga ana zagaye kusurwarta, ba don ado ba.

Da tsada aka koyi wannan. Ranar 16 ga Janairun 1943 sabon jirgin mai Schenectady yana ɗaure a tashar Portland ta Amurka, ruwa kwance, ya dare kusan gida biyu daidai bayan benensa na tsakiya. A shekarun nan ne Amurka ta ƙera jiragen dakon kaya samfurin Liberty guda 2,710 da walda maimakon ƙusar ribit, kuma da yawa sun tsage daga kusurwoyin bakin rumbun kaya masu kaifi. Binciken Constance Tipper ta jami'ar Kambirij ya nuna ƙarfen da aka yi amfani da shi yana rasa danƙonsa in sanyi ya yi yawa, ya karye ba tare da ya lanƙwasa ba. Ƙarfen yana da laifi, waldar ma wani lokaci tana da nata, amma wurin da tsagar ke zaɓa ta fara kusan kullum inda siffar jirgi ta canza ba zato ne.

Hanyoyin da aka bi

Mafi sauƙi ita ce a yi benen gajere a kai shi can baya, bisa ɗakin inji, inda lanƙwasar ganga ba ta da yawa. Haka jiragen mai da na hatsi da na siminti suke, kuma ba su cika samun matsala ta wannan fuskar ba.

Jiragen fasinja ba su da wannan damar, don benensu ya kusa cinye tsawon jirgin. Tsohuwar dabara ita ce a yanka dogon benen gunduwa-gunduwa, a bar tsaga mai rufi tsakaninsu, kowace gunduwa ta zama gajeren bene. Titanic, wanda ya nutse a 1912, yana da irin wannan tsagar guda biyu. Dabarar tana sauƙaƙa wa bene, amma gindin kowace tsaga ya zama wurin da wahala ke taruwa a kan daɓen, ga yoyo. A ganina ɗauke ciwo ne daga inda ba ya kisa a kai shi inda yake kisa.

Sai alminiyom. Nauyinsa kusan sulusin na ƙarfe ne (mita ɗaya ta kowace fuska tan 2.7, ƙarfe kuwa kusan 7.85), taurinsa ma sulusi, saboda haka in ganga ta ja shi santimita 7 ɗin nan, wahalar da ke shigarsa sulusi ce. Jirgin United States na 1952 da Queen Elizabeth 2 na 1969 dukansu da shi aka yi yawancin benensu. Amma yana narkewa a digiri 660, ƙarfe kuwa sai wajen 1,500, kuma tun kafin ya narke ƙarfinsa ya tafi. A Nuwamban 1975 jirgin yaƙin Amurka Belknap ya yi karo da jirgin dakon jiragen sama John F. Kennedy kusa da Sisili, gobara ta tashi, benensa na alminiyom ya narke ya zube. In kuma alminiyom ya taɓa ƙarfe cikin ruwan gishiri, shi ne ke cinyewa, don haka ana haɗa su da wani falle na musamman mai fuska biyu, ƙarfe a ƙasa alminiyom a sama, kowanne a walde shi da ɗan'uwansa. Zafi ma yana buɗa shi kusan ninki biyu na ƙarfe, waldarsa kuma tana saurin gajiya. Da aka zo ƙera Queen Mary 2, wanda ya fara aiki a 2004, ƙarfe aka koma wa.

Hanyar da manyan jiragen yawon buɗe ido na yau suka bi ita ce a rungumi abin: benen ya zama sashe na ƙarfin jirgi tun daga zane. Wahalarta ita ce bangon cike yake da tagogi da baranda, ciki kuma ga manyan zaurukan da ba ginshiƙi, don haka sai an zana jirgin gaba ɗaya a kwamfuta, an raba shi ƙananan gutsattsari dubu ɗaruruwa, an ga ta inda jan ke bi. Wanda nake tsoro shi ne na tsaka-tsaki: benen da tsawonsa ya isa ya ɗauki ja, amma aka yi shi da siririn falle kamar ba zai ɗauka ba. Irin wannan an fi samunsa a jirgin da aka yi wa ƙari daga baya.

Abin da ke dukan benen shi kansa

Mutane sukan zaci iska ce babbar abokiyar gaba. Iskar da ke gudun kilomita 108 a awa tana danna kimanin kilo 56 a kan kowace murabba'in mita. Ga bango wannan ba kome ba ne, ko da yake in ka tara shi a kan faɗin jirgi duka yana iya karkatar da shi daga hanya, kuma iska tana cikin abin da ya tura jirgin kwantena Ever Given ya toshe mashigin Suwez a Maris 2021. Ruwa ne abin tsoro na farko, don ya fi iska nauyi sau 800 da wani abu. A jirgin da ya kai mita 250, ƙa'ida ba ta yarda a lissafa wa bangon gaba na hawan farko ƙasa da kimanin tan 5 a kowace murabba'in mita ba, kuma ana rage adadin yayin da ake hawa sama. Shi ya sa za ka ga hawan ƙasa kaurinsa ya fi, tagoginsa ƙanana. A Afrilun 1966 wata igiya ta daki gaban benen jirgin fasinjan Italiya Michelangelo a Atlantika, ta lotsa bangon alminiyom ɗin, mutum uku suka rasu, daga baya aka sake wurin da ƙarfe.

Na biyu shi ne tangaɗi. Ɗauki jirgin da ke kwanciya digiri 25 dama da hagu, yana kammala zagaye ɗaya cikin daƙiƙa 10. A tsayin mita 30 bisa inda yake juyawa, fizgar gefe kaɗai ta haura rabin nauyin abu, in ka haɗa da karkatar ta kusa kai nauyinsa duka. Wato na'urar tan ɗaya da ke ƙolin bene tana tura mazauninta gefe da kusan tan ɗaya. Wannan turin yana son mayar da ɗaki mai kusurwa huɗu ya zama karkatacce, kuma bangayen da suka gitta ne ke hanawa. Jiragen da ke kawo mana motocin hannu daga Turai su suka fi fama da wannan: tsawon kusan mita 200, hawa goma sha biyu ko fiye, ciki kuma fili fetal don motoci su wuce, bangon gitta kaɗan ne.

Na uku jijjiga. Benen baya yana zaune bisa inji, kusa da farfela. Farfela mai fiffike 5 da ke juyi 80 a minti tana bugun ruwa sau 400 a minti. Kowane bene yana da saurin rawar da jikinsa ya fi karɓa, kuma in wannan ya zo daidai da bugun farfela ko na inji, ƙaramin bugu ya zama babbar rawa: ma'aikata ba barci, waldar gindin eriya da ta bututu tana tsagewa. Maganinsa a zane yake, a daidaita bangayen bene da na ɗakin inji a layi ɗaya, ko a canza yawan fiffiken farfela.

Wanda ka gani kusa da tsakiya kuwa, dalilinsa gani ne. Dokar kiyaye rayuka a teku ta ce daga ɗakin tuƙi kada abin da ke ɓoye a gaban jirgi ya wuce tsawon jirgin sau biyu ko mita 500, duk wanda ya fi gajarta. A jirgi mai mita 400, kamar samfurin Triple E na kamfanin Maersk da ya fito a 2013, in bene yana baya dole a rage tsayin kwantenonin da ke gabansa. Sai aka raba: inji da bututun hayaƙi a baya, ɗakin tuƙi da masauki a gaba. An samu riba ta biyu, domin jirgin kwantena samansa a buɗe yake, yana murɗewa in igiya ta zo masa a karkace, kuma rufaffen sashen da benen ke zaune a kai yana rage murɗewar.

Inda nake fara dubawa

In na hau jirgi duba lafiyar ƙarfensa, kusurwoyi huɗu na gindin bene nake fara nufa, sannan kusurwar ƙofofin gefe. Tsagar gajiya ba ta da baki buɗe, siririn layin tsatsa ne ƙarƙashin fenti. A kankare, a fesa jan ruwan gwaji, a goge, a fesa farin, tsagar ta fito da kanta. Daga nan sai in sauka in duba ƙasan daɓen, don sau da yawa tushen yana can: bangon sama da haƙarƙarin ƙasa ba su hau layi ɗaya ba. Mai haɗawa ba ya ganin su biyun lokaci guda, daɓen ya shiga tsakani, kuma saɓanin da aka yarda da shi bai wuce sulusi zuwa rabin kaurin fallen ba.

Wajen gyara, kai ma ka san abin da ke biyo bayan a bi tsaga da walda kawai: ta dawo a gefen waldar. Faci mai kusurwa huɗu da aka manna a sama ya fi muni, don ya ƙara sabon wurin tauri. Abin da ke ɗorewa shi ne a huda ƙarshen tsagar, a yanke wurin, a shigar da falle mafi kauri mai zagayayyen kusurwa, a sa maƙali mai dogon baki siriri, a goge bakin waldar ya yi sumul.

Me ya hana ya kifar da jirgin

Girman benen a ido ya fi nauyinsa, don yawancinsa iska ce cikin siririn falle. Jirgi mai mita 400 da cikakken lodi ya haura tan 200,000, ya nutse kusan mita 16 da ba ka gani daga bakin tasha, injinsa kaɗai yana iya haura tan 2,000 kuma yana can ƙasa, ga tankunan ruwan daidaito a gindi, wato ruwan da ake ɗura wa jirgi don ƙasansa ya yi nauyi. A irin wannan jirgin kwantenonin da aka jibga sama sun fi benen tasiri nesa ba kusa ba.

A ƙaramin jirgin fasinja lissafin ya bambanta, musamman in an yi ƙari. Jirgin Sewol na Koriya ta Kudu an ƙera shi a Japan a 1994, da aka sayo shi a 2012 aka ƙara masa ɗakuna a hawan sama. Cibiyar nauyinsa ta hau, sai masu tantancewa suka rage kayan da aka yarda ya ɗauka, suka ƙara ruwan daidaiton da dole ya riƙe. Ranar 16 ga Afrilun 2014 yana ɗauke da fiye da ninki biyu na kayan da aka yarda, ruwan daidaiton kuma an rage shi. Ya karya kwana, ya kwanta, kayan suka zame, mutum 304 suka rasu, yawancinsu ɗaliban sakandare.

Ido, nawa ko na wani, ba ya iya raba jirgin da ke da wannan haɗarin da wanda ba shi da shi daga bakin tasha ko daga hoto. Ana gane shi da gwaji: a ɗaure jirgi sako-sako cikin ruwa kwance, a matsar da nauyin da aka sani daga wannan gefe zuwa wancan, a auna 'yar karkatar da ya yi da zare mai dalma a baki, daga nan a fitar da tsayin cibiyar nauyinsa. Ana yin sa ga sabon jirgi, ana maimaita shi bayan duk wani babban ƙari, kuma sakamakon yana shiga littafin daidaito da ke hannun kyaftin, wanda da shi ake lissafa kowane lodi kafin jirgi ya bar tasha.